Gurbin dariya: littafin aikin mayar da wasanmu fim

9 ga Janairu

Na buɗe wannan littafi ne saboda aikin ya fara fin abin da kai zai iya riƙewa. Wasan barkwancinmu mai waƙoƙi, wanda muka yi shekara biyu muna hawa dandamali da shi, shi muke son mayarwa fim. Sau 63 muka yi shi a gaban jama'a. Tsawonsa awa biyu da minti 20 har da hutun tsakiya, waƙoƙi 16, 'yan wasa tara.

Ga wanda bai taɓa kallo ba: labarin wani tsohon akawu ne a ofishin ajiye kayan da matafiya suka manta a tashar jirgin ƙasa. Shekara 30 ko allura bai taɓa ɓatarwa ba, gobe zai yi ritaya, sai ga wani jan akwati da mutum uku kowa ya rantse nasa ne. Akawu ya ce ba mai taɓa shi sai an cike fom, fom ɗin kuwa yaron ofis ya rufe shi cikin akwatin bisa kuskure. Shi ke nan labarin, sauran duk hayaniya ce da waƙa.

Ni na rubuta wasan, ni kuma zan ba da umarni. Rubutun fim na farko ya kai shafi 138. A wannan sana'a ana lissafin shafi ɗaya a matsayin minti ɗaya, furodusarmu kuma ta ce minti 100 take so, ko kusa da haka.

Daren jiya na zauna da bidiyon wani wasa da muka yi, agogon awo a hannu. Duk inda 'yan wasa suka dakata suna jiran dariya ko tafi ya lafa, sai in danna. Da na haɗa, minti 17 da daƙiƙa 40. Na yi murna, na ce ga ragi ya zo a ɓagas. Sai da na kwanta barci ya ƙi zuwa. Waɗannan mintuna ai rabon 'yan kallo ne a cikin wasan. Su ne ɗan wasanmu na goma, kuma shi kaɗai ne ba zai zo lokeshan ba.

17 ga Janairu

Ranar yankan waƙoƙi. Ni da mai tsara kiɗanmu muka kulle kanmu tun safe. Kafin mu fara ya ce, "Malam, duk wadda za ka yanka, ka faɗa mini laifinta tukuna." Na ce na yarda.

Uku ba su ba da wahala ba, don dama dandamali ne ya haife su. Waƙar laima, alal misali. Mun rubuta ta ne saboda masu sauya kayan dandamali suna buƙatar minti uku su juya ofis ya koma bakin layin dogo, sai muka tura mutum biyu gaban labule su ɗauke hankalin jama'a. A fim wannan juyin ƙiftawar ido ne. Haka babbar waƙar da ke rufe kashi na farko, aikinta ta sa mutum ya dawo kujerarsa bayan hutu. Wadda ke buɗe kashi na biyu kuma tana ba waɗanda suka makara a waje lokacin zama ne. Fim ba shi da hutu.

Abin haushin, waƙar laimar nan ita mutane ke rerawa a bakin ƙofa in an tashi. Mai kiɗa ya ce na yanka saniyar tatsa. Mun ajiye ta gefe dai, ba mu binne ta ba.

Da yamma muka faɗa babbar tambaya: me ya sa waɗannan mutane suke waƙa? A dandamali ba mai tambaya. Bangon kwali ne, tagar fenti ce, ɗan kallo ya amince da ƙaryar tun daga bakin ƙofa. Kyamara kuwa bango na gaske take nunawa, har da ƙurarsa. Mutum ya buɗe baki ya kama waƙa a tsakiyar ofis na gaske, sai a ɗauka ya samu taɓuwa. Bob Fosse, da ya mayar da Cabaret fim a 1972, kusan duk waƙoƙin ya tattara su cikin kulob ɗin da dama waƙa ake yi a ciki, ya zubar da waɗanda mutane ke ɓarkewa da su a tsakiyar magana. Mu ba mu da kulob. Abin da muke da shi hatimi ne. Akawu yana buga shi a kan takarda, ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙwas. Mai kiɗa ya yi ta buga tebur da tafin hannu har muka gane: kowace waƙa za ta tsiro ne daga wani sauti na ofishin, ko hatimi, ko fanka mai ƙugi, ko tarin makullai, ko sanarwar lasifika. Kunne zai riga ya shiga kiɗa kafin baki ya buɗe.

Saura waƙa 10.

30 ga Janairu

Gwajin kyamara da Baba, wanda ke fitowa a akawu. Shekararsa 40 a wasan daɓe, bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba.

Mun zaɓi fitowar da matar nan ke cewa akwatin nata ne. Akawu ya tambaye ta me ke ciki, ta ce sirri ne. Shi kuma ya ɗauki alƙalami ya ce, "Sirri. Guda nawa?" A dandamali, da ya faɗi haka sai ya juyo ga jama'a, ya ɗaga gira, ya tsaya cak, zaure ya ɗauka. Yau ma haka ya yi. Ya juyo, ya ɗaga gira, ya tsaya. Gabansa bango ne da fitila. Ba abin da ake ji sai fanka.

Na kira shi gaban allon kallo. Fuskarsa ta cika allon, girar nan ta tashi kamar za ta bar goshin, sannan daƙiƙa shida na mutumin da ka rantse ya manta maganarsa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Wannan mutumin me yake jira?"

"Dariya yake jira, Baba."

"To ai ba kowa."

Na ce shi ne damuwar. Na roƙe shi mu sake, amma kada ya ɗago kai ko kaɗan, ya yi tambayar yana rubutu kamar yadda yake tambayar kowa kowace rana. Ya dube ni ya ce, "Yaro, shekara 40 ana neman a hango ni daga kujerar ƙarshe, yau ka ce in ɓuya?" Na ce, "Allah ya ja da ranka, kujerar ƙarshe yau ga ta nan, taku biyu daga hancinka."

Ya yi. Kai a sunkuye, murya a ƙasa, alƙalami a tsaye kan takarda yana jiran a ba shi adadi. Ɗaukar ta lalace saboda mai kyamara ya kasa riƙe dariya har kafaɗarsa ta girgiza hoton. Baba ya tattara tabaransa ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma kada in sa ran zai ji daɗin abin.

4 ga Fabrairu

An samu wani tsohon sito da za mu gina ofishin a ciki. Babban zauren tasha kuwa dare biyu kacal aka ba mu, daga bayan jirgin ƙarshe zuwa kafin na farko. Rubutu ya dawo shafi 112.

13 ga Fabrairu

Ba mu muka fara cin karo da matsalar gurbin dariya ba. 'Yan'uwan Marx, waɗanda daga dandamali suka shigo fim, da suka koma kamfanin MGM za su yi A Night at the Opera a 1935, ba su nufi gaban kyamara kai tsaye ba. Sai da suka ɗauki manyan fitowar barkwancin suka zaga garuruwan Amurka suna yin su a gaban jama'a, ana lura da wace magana ce ke tashi, dariyarta kuma tsawon wane lokaci take ɗauka, sannan aka bar mata wurinta a fim.

Mun ari dabarar. Tsofaffin fitowa mun san awonsu, amma akwai sababbi biyar da na rubuta don fim kaɗai. Dare uku muka yi su a wani ƙaramin zaure, mutum kamar 80 kowane dare, mataimakiyata tana gefe da agogo da takarda. Biyu sun tashi. Biyu sun yi tangal-tangal. Ɗaya ta mutu murus duk dare ukun, kuma ita ce na fi so, wadda na yi ta karanta wa mutane ina dariya ni kaɗai. Na yage ta.

Sai dai awon bai ba ni abin da na je nema ba. Magana ɗaya, bakin mutum ɗaya, daren farko ta ci daƙiƙa bakwai, dare na uku daƙiƙa uku. Wanne zan bar wa wuri? Ga kuma abin da ya bambanta zamaninmu da nasu: su fim ɗinsu a zaure ake kallo, ɗaruruwan mutane, dariyar wani tana tayar da ta wani. Namu, da yawa a waya za su kalle shi, mutum shi kaɗai a kwance, kuma dariyar mutum ɗaya gajera ce, wani lokaci ɗan huci ne ta hanci. In na bar daƙiƙa bakwai, mai waya ya faɗa rami. In ban bar komai ba, a zaure dariya ta haɗiye maganar da ke biye.

Abin da muka tsayar: gurbin yana nan, amma ba a barinsa fanko. Bayan kowace babbar magana, wani abu zai faru wanda ido ke ci ba kunne ba. Baba ya rubuta wani abu a tsanake, ko yaron ofis ya wuce ta baya rungume da laimomi har sun rufe masa fuska. In kuma dole a yi magana, a sa wadda in ta ɓace cikin dariya ba a yi asarar komai ba. Mataimakiyata ta laƙaba mata suna maganar sadaka, sunan ya bi ta. Yanzu ina bin rubutun shafi-shafi ina dasa su.

26 ga Fabrairu

Kwana tara a sitidiyo. Hanyar da aka saba tun farkon zamanin fim mai sauti ita ce a ɗauki waƙa tukuna, a lokeshan a sake ta ta lasifika, 'yan wasa su yi mamin. Amfaninta a fili yake: kiɗan ba ya sauya gudu, don haka ana iya ɗaukar baiti ɗaya daga kusurwa biyar a haɗa su su zauna daram. Aibinta kuma, muryar ta mutumin da ke tsaye ƙyam gaban makirufo ce, alhali jikin da ake gani yana hawa tsani. Kunne yana gane wannan ko mai kunnen bai san me ya gane ba.

Don haka jarumarmu ta rera waƙarta tana ɗauke da akwati cike da littattafai, tana zaga ɗakin, makirufo na bin ta. Mai ɗaukar sauti ya so ya goge hakin da ke tsakanin baitoci, na ce ko ɗaya kada ya taɓa.

Baba ne ya gagara. Shi waƙarsa rabi magana ce, kuma bai taɓa yin ta iri ɗaya sau biyu ba. Yau ya ja wannan kalma, gobe ya haɗiye ta. Muka sa masa muryarsa ta jiya ya bi, sai ka ce mutum biyu ne ke gardama. Ashe ciwon tsoho ne. Rex Harrison ma a My Fair Lady, a 1964, kan wannan dalili ya ƙi mamin, aka ɓoye masa ƙaramin makirufo marar waya a cikin ƙyallen da yake ɗaurawa a wuyan riga, ya rera kai tsaye. A 2012 kuma masu Les Misérables suka yi haka da dukan 'yan wasansu, kowa da ɗan abin ji a kunne, mai fiyano yana bin sa daga gefe, sauran kiɗan aka ɗora daga baya. Mu ƙarfinmu bai kai nan ba, don wannan hanya tana son lokeshan mai tsit kamar maƙabarta.

Mun raba. Waƙoƙin Baba uku kai tsaye, da mai fiyano a ɗakin da ke maƙwabtaka. Na taro da na rawa, mamin. Tsorona kada a ji fim ɗaya da murya iri biyu. Mai sauti ya ce zai kai muryoyin sitidiyo cikin ofishin da muka gina, ya sake su ta lasifika ya sake ɗauka, su kwashi amon ɗakin. Gani ya kori ji.

11 ga Maris

Ranar farko ta ɗauka. Mun tsara ɗauka 21, mun samu 13.

Takarda ce ta cinye mana safiya. Ofis ne, komai takarda, kuma makirufon da ke rataye a sanda saman kan Baba yana jin kowace kamar ana taka busasshen ganye. Na ba mutane labarin The Cocoanuts, fim ɗin 'yan'uwan Marx na 1929, shi ma wasan dandamali ne mai waƙa aka mayar fim: makirufon wancan zamani ya tsani ƙarar takarda har sai da aka riƙa jiƙa duk wata takarda da ɗan wasa zai riƙe. Aka yi dariya, ana tausaya wa mutanen da. Kafin azahar sai ga mai sautinmu da ɗan kwalbar feshi yana bin jaridar da ke hannun yaron ofis.

Da muka gama, ya ɗaga hannu ya ce kowa ya tsaya inda yake, minti ɗaya, zai ɗauki shirun ɗaki. Sababbin shiga suka ɗauka wasa yake. Kowane ɗaki yana da nasa shirun, da fankarsa da kukan fitilunsa, kuma da shi edita zai like duk inda ya yanka. In babu shi, gurbin da muka bari zai fito kamar an kashe sauti. Mutum 25 a tsaye, ba motsi. A daƙiƙa ta 40 cikin wani ya yi ƙugi. Sau uku muka sake.

15 ga Maris

Hannun jan akwati ya tsinke a ɗauka ta huɗu. Muna da na biyu, amma jansa ya ɗan fi duhu. Kowa ya ce ba mai lura. Ni dai har abada akwati biyu zan riƙa gani a fim ɗin nan.

23 ga Maris

An gama dare biyun zauren tasha. Ƙafafuna ba nawa ba ne.

Babbar rawar ce, mutum 40, a zaure mai tsawon kusan mita 45. Muka kafa lasifika a bayan kyamara. Tun ɗaukar farko mai koyar da rawa take ta faɗa da layin baya, wai suna makara. Suka rantse kan kiɗa suke. Aka sake, haka. Har ta fara maganar sauya mutane, sai mai sauti ya zo ya ce, "Anti, ba laifinsu ba ne, kiɗan ne ke isa gare su a makare." Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, fim kuma hoto 24 ne a daƙiƙa, wato kowane mita 14 jinkirin hoto ɗaya ne. Na layin baya suna nesa da kusan mita 40, sun makara da kusan hoto uku. A ido tsirara ba komai ba ne, amma in hannaye 80 za su tashi tare, ana gani. Aka ja kebul, aka jera lasifika uku a tsawon zauren. Layin baya suka daidaita nan take, ta je ta ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

Sai gardamata da mai kyamara. Shi yana son mu daddatsa: ƙafa, fuska, hannu, daga sama, daga ƙasa. Ni na kafe kan ra'ayin Fred Astaire, shahararren ɗan rawar tsofaffin fina-finan Amurka, wanda ya riƙa dagewa a nuna mai rawa gaba ɗayansa, daga kai har ƙafa, da ƙarancin yanka. Dalilina bai wuce barkwanci ba. A cikin rawar akwai laima guda da ke bin hannu-hannu daga wannan ƙarshen zaure zuwa wancan, har ta koma hannun mutumin da aka sace ta daga gare shi, bai ma san ta tafi ba. In aka yanka ko sau ɗaya, ɗan kallo zai ce dabarar edita ce. Sai ya ga tafiyar laimar da idonsa daga farko har ƙarshe sannan zai yi dariya.

Sau goma laimar tana faɗuwa, ko ta riga kiɗa, ko wani ya kare ta. Ta goma sha ɗaya ta tafi sumul. Ƙarfe huɗu da kwata na asuba. Na bar mai kyamara ya yi daddatsensa a mintunan da suka rage, don zaman lafiya, kuma wa ya sani.

6 ga Afrilu

An gama ɗauka ranar 29. Yanzu ni da edita ne a ɗaki mai duhu.

Tsugune ba ta ƙare ba. A waƙar jaruma, bakinta da murya suna tare a farko, kafin ƙarshe bakin ya riga muryar. Kwana guda muna zargin yarinyar mutane. Ashe kyamara ta biyu an bar ta a kan hoto 23.976 a daƙiƙa maimakon 24, da aka jera hotunanta a kan 24 sai suka ɗan ƙara gudu. Bambancin kashi ɗaya ne cikin dubu, amma a waƙar minti uku ya taru ya haura hoto huɗu. Gyaran bai ɗauki awa ɗaya ba. Gano shi ne ya ci yini.

20 ga Afrilu

Haɗin farko: minti 116. Na kalla ni kaɗai, na fito kamar wanda aka yi wa rasuwa. An ce kowa haka yake ji da haɗin farko. Wannan bai rage komai ba.

Abin da ya fi damuna ƙarshen waƙoƙi. Duk an gina su ne don tafi: kiɗa ya hau, ya hau, ya buga dam, hannaye a sama. A dandamali nan zaure ke fashewa. A fim sai ka ga manyan mutane tsaye da hannu a sama, suna haki, ba wanda ya ce musu sannu. Dariya na yi wa tanadi tun Fabrairu, tafi kuwa na manta da shi sam.

Mako guda muna gwaji. Wasu waƙoƙin mun yanke su a kan bugun ƙarshe, kafin amon ya mutu an riga an shiga wata fitowa. Biyu mun hana su ƙarewa ma: ana dab da bugun ƙarshe sai wayar ofis ta yi ƙara, ko lasifika ta sanar da jirgi, kowa ya watse. Mai kiɗa ya ce wannan rashin kunya ne, amma ya yi dariya.

Babbar rawar kuwa edita ne ya ceto ta. Ya ce mu bar shirun yadda yake, mu ma ƙara masa. Mutum 40, hannu a sama, zaure tsit, daƙiƙa ɗaya, biyu, uku, har abin ya fara ba da kunya. Sai daga can nesa a ji hatimi, ƙwas, da muryar Baba ba ko ɗigon sha'awa: "Na gaba." Muryar daga wata fitowa dabam ya ɗauko ta. Sau biyar muka maimaita muna dariya kamar yara. Na so mu yi wa wasu waƙoƙin haka, ya ce a'a, sau ɗaya take ci.

4 ga Mayu

Gwajin kallo, haɗin minti 109. Mutum 60 a zaure, waɗanda galibinsu ba su taɓa ganin wasan ba. Wasu goma kuma muka ba su a waya, kowa a ɗakinsa, muka roƙe su su rubuta mintin da hankalinsu ya fara tafiya wani wuri.

Na zauna a layin ƙarshe ina kallon ƙeyoyi. "Sirri, guda nawa" ta tashi zauren, dariyar ta haɗiye maganar sadakar da ke bayanta ɗungurungum, ba wanda ya rasa komai. Masu waya kuma ba wanda ya yi kukan rami a wurin. Wannan kaɗai ya biya ni wahalar Fabrairu.

Amma fitowar da ta fi kowace tashi a dandamali, inda yaron ofis ke faɗowa daga saman kantar kaya da tarin huluna, ko tari ba a yi mata ba. Ina jin a dandamali tsoro ne ke haifar da dariyar, don mutum na gaske ne ke faɗowa a gabanka, yana iya karyewa. A fim kowa ya san akwai katifa. Abin da ban taɓa zato ba kuma shi ya samu dariya ta biyu a girma: ɗaukar kusa ta hannun Baba, ana tsakiyar rigima kowa na ihu, shi kuwa yana daidaita alƙalumansa uku a kan tebur su yi layi. Ba ya cikin rubutu. Ashe duk wasannin nan 63 yana yin haka, ba wanda ya taɓa gani, har ni.

Mummunan labari: daga minti 55 zuwa 70 fim ɗin yana zama. A zaure kujeru suka fara ƙara, a waya bakwai cikin goma sun rubuta minti a wannan tsakanin. Daidai inda hutu yake a da. Waƙoƙi biyu masu sanyi ne a jere, waɗanda a dandamali hutun minti 15 ke raba su. Na cire hutun ban lura na haɗa su gefe da gefe ba.

Mutum huɗu da suka san wasan sun tare ni a ƙofa, tambayarsu ɗaya: ina waƙar laima?

12 ga Mayu

Minti 103. Faɗowar yaron ofis ta koma daƙiƙa huɗu a bayan wata magana, ta zama abin cike gurbi. Ɗaya daga waƙoƙin masu sanyi ta fita, saura tara. Mai kiɗa ya amsa saƙona da "to" kawai, kwana uku ke nan.

Cire waƙar ya bar ɓaraka: a cikinta ne akawu ke gane inda fom yake, yanzu sai ya san abin ba tare da an ga yadda aka yi ba. Muna buƙatar rabin yini na sabuwar ɗauka, shi kaɗai a tebur, magana uku. Ofishin yana nan ba a rushe ba, sito ya ba mu zuwa ƙarshen wata. Na kira Baba da murna, ya ce ba matsala, sai dai abu ɗaya: tun ranar da aka gama ɗauka ya aske gashin bakinsa, don shekara biyu ke nan akawu yana zaune masa a fuska. Mai kwalliya ta ce na manne zai tona kansa a ɗaukar kusa. Baba ya ce a ba shi kwana 18.

Mun sa ranar 30. Haɗa sauti zai fara Litinin da sassan da ba za su sauya ba, a nan zan ji ko muryoyin sitidiyo sun zauna da na Baba. Waƙar laima kuma edita ya gwada ɗora ta a kan sunayen ƙarshe, da ragowar daddatsen da mai kyamara ya yi da asubar nan a tasha. Ban kalla ba tukuna. Na ce a bari sai mai kiɗa ya zo mu kalla tare, in ya ɗaga waya.